Hotuna Goma Sha Ɗaya da Ban Buɗe Ba

Zuwa ga Saratu,

Assalamu alaiki. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata miki makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba, ba kuma za ki karanta ta ba. Ko da akwai mai kai saƙo inda kike, ban san da wace fuska zan ce ki buɗe nawa ba, tunda ni ban buɗe naki na ƙarshe ba.

Yau Juma'a, ranar hutuna. Da aka sauko daga masallaci na bar abokan ɗakina biyar a unguwar Najma, nan Ƙatar, suna gardamar ƙwallo, na hau bas zuwa Wakrah, na sami wani benci a bakin ruwa kusa da inda masunta ke ɗaure jiragensu. Da biro nake rubutawa, a littafin makaranta mai layi irin wanda kike saye dozin-dozin. Wata bakwai ke nan da rasuwarki.

Bari in fara da labarin gida, don na san shi za ki fara tambaya. 'Yarmu Nana tana wurin Inna, mahaifiyarki, a Funtua, lafiyarta ƙalau. Ta shiga aji ɗaya. Haƙoranta biyu na gaba sun fita, in muka yi waya sai ta turo bakin kusa don in ga giɓin. Ƙanwarki Bilki ce ke mata kitso, kuma ki yi haƙuri, ba ta iya ba, tsagar duk a karkace. Ƙafar Inna tana nan yadda kika bar ta, da sanda take zuwa alwala. An sa ranar Bilki bayan Babbar Sallah, da malamin firamaren nan da kike cewa gaisuwarsa ta fi wa'azi tsawo. Keken ɗinkinki yana ɗakin Inna an rufe shi da zane, wai sai Nana ta girma. Kajinki kuwa annoba ta bi ta kansu da damina, ɗaya ce ta rage.

Ni ina nan a ƙofar da kika sani, ta rukunin gidajen nan na Ain Khaled. Awa goma sha biyu ina ɗaga sanda mota ta shiga, in sauke, in ɗaga mota ta fita. Na rame, abokan aiki suna cewa abincin kamfani ne. Na bar su a kan haka.

Ba don wannan na ɗauki biro ba, Saratu. Maganar littafinki ce ta hana ni sakat.

Kin tuna yadda muka faro? Ke kin ce yatsunki ba sa jin daɗin rubutu a waya, labari ba ya zuwa miki sai kin riƙe biro. Ni kuma ga ni zaune a ɗakin gadi daga hantsi zuwa azahar ba motar da ke motsi, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Sai muka raba aiki. Ki rubuta da hannu, ki ɗauki hoton shafukan ki turo mini, ni in buga su a waya in mayar miki, ke kuma ki sa wa masu karatunki a zaurenku na waya. Littafi uku muka yi a haka. Na san rubutunki fiye da yadda na san nawa. Na san in kina sauri wutsiyar harufanki takan ɓace, in Nana ta dame ki kuma sai in ga layi ya gangara ƙasa.

Duk littattafanki na zamanin da ne, zamanin kuɗin wuri da ganuwa, kuma duk tafiyarsu ɗaya: mace mai taurin kai da ɗan sarauta mai shan ƙamshi, a yi ta ja har a ƙarshe shi ne zai sauko. Nakan tsokane ki in ce ashe ba a soyayya a da sai da alkyabba, talakan wancan zamani duk a gwauro ya mutu ke nan? Ke kuma ki ce masu karatu sun gaji da ganin talauci a gida, ba za su biyo shi cikin littafi ba. Muna dariya. Ni dai tawa dariyar ba duka ce ta kai ciki ba, amma ban taɓa gaya miki ba.

Na huɗun shi ne ya fi shiga ranki. Tasalla, 'yar fatake, wadda ubanta ya rasu ya bar mata jakuna goma sha biyu, ta ƙi sayarwa, ta ɗaura ɗamara ta bi ayari da kanta, tana kai kanwa kudu tana dawowa da goro. Da Ciroma, ɗan sarkin birnin da ayarinsu ke yada zango, wanda ya saba in ya wuce a durƙusa, ita kuwa ta ci gaba da ɗaure mangalarta ko kallo bai ishe ta ba. Kin sha wahala a kan littafin nan. Kin yi ta zuwa wurin kakata kafin ta rasu, kina kai mata tsire, tana ba ki labarin mahaifinta da ya yi fatauci, yadda ake naɗe huhun goro kada ya bushe, da sunayen zannuwan da ba wanda ke ɗaurawa yanzu. Masu karatunki suka rabu biyu, wasu na cewa Tasalla ta yi hankali ta shiga gidan sarauta, wasu na cewa in ta rabu da jakunanta sun daina karantawa. Ke kina gefe kina jin daɗin rigimar.

A babi na tara kika shigo da mai tsaron ƙofar birni.

Ba ki ba shi suna ba ma. Wani mutum ne baƙo a garin, mai riga ɗaya, wanda ke buɗe ƙofar ganuwa da safe ya rufe da almuru. Yaran Ciroma suna yi masa tsawa, in sun wuce ƙurar dawakinsu ta bule shi, ya karkaɗe ya koma ya zauna. Da na zo wurin ina bugawa, sai na dakata. Na ɗaga kai na dubi sandar da ke gabana da kakin da ke jikina. A safiyar ranar wani yaro da bai kai ƙanena ba ya danna mini hon har sau uku don na yi jinkirin ɗaga masa sanda.

Kin san a gida ba wanda ya san gadi nake yi, daga ke sai Allah. Na ce wa kowa a ofishin wani kamfani nake, ɓangaren tsaro. In na zo hutu nakan sa farar jallabiya in fesa turare, a majalisa a matsa mini wuri, ana ce mini na Ƙatar. Ke ba ki taɓa tona ni ba, ba ki kuma taɓa taya ni ƙaryar ba. Amma ranar nan zuciya ta raya mini cewa ga shi kin tona ni a gaban mata ɗari-ɗari, kin ajiye ni a bakin ƙofa cikin ƙura, kin sa ɗan sarki a kan doki. Na ce ashe abin da ke ranki ke nan tun da daɗewa.

Sai na cire shi. Ga abu na farko da ban taɓa furtawa da bakina ba. Na tsallake sakin layin gaba ɗaya, na ɗinke wurin yadda ba za a gane ba, na mayar miki. Ke da kika yarda da ni ba kya sake karantawa, kika sa a zaure yadda na turo. Babi na goma sha biyu ya sake fitowa, na sake cire shi. Na sha huɗu, na sha bakwai, na ashirin. Duk inda ya leƙo sai in datse. Akwai inda ya ɗebo wa jakunan Tasalla ruwa ba ta roƙe shi ba. Akwai inda ayari ya makara, ya ƙi rufe ƙofa har sai da jakinta na ƙarshe ya shigo, aka yi masa bulala a kan haka washegari. Na karanta duk wannan da idona, amma abin da na gani kawai shi ne bulalar. Wane irin makaho kika aura, Saratu?

Sai da kika ambaci mutumin a zaure, masu karatu suka ce wane mai tsaron ƙofa, sannan kika gane. Kika kira ni. Ba ki ɗaga murya ba, kin dai tambaye ni dalili. Ni da ya kamata in ba da haƙuri sai na hau ki da faɗa. Na ce in 'ya'yan sarauta kike so me ya hana ki jira su, me ya kai ki auren mai ɗaga sanda. Na ce ina nan rana tana gasa ni don ku ci ku sha, ke kina can kina mayar da ni abin dariya. Kika bari sai da na gama. Sannan kika ce in jira ƙarshen littafin, in na karanta sai mu yi magana. Na kashe wayar ba sallama.

Kwana tara na yi ina miki fushi. In kin turo gaisuwa in amsa da kalma ɗaya. In kin kira in ce ina bakin aiki, ki ba Nana. Ranar Talata da hantsi hotuna goma sha ɗaya suka shigo, babin ƙarshe. Wayata ba ta sauke hoto da kanta, sai na taɓa shi, kafin nan inuwarsa kawai ake gani dishi-dishi. Na dube su a jere, na kife wayar a kan tebur. Na ce bari ta ɗan jira ita ma, ta ji yadda ake ji. Na ce Juma'a zan buɗe.

Laraba zazzaɓi ya kama ki. Bilki ta ce kin hana a gaya mini, wai kada a ɗaga mini hankali a kan abin da allura biyu za ta kora. Alhamis aka kwantar da ke a asibiti. Juma'a kafin a shiga masallaci yayanki Auwalu ya kira ni. Kafin la'asar an kai ki. Ko da kafil ɗina, wanda ya ɗauko ni aiki, ya sa hannu a takardar hutu a wannan sa'a, babu jirgin da zai kai ni in tarar da ko ƙurar masu dawowa daga maƙabarta. Abokan ɗaki suka shimfiɗa tabarma a tsakanin gadaje, 'yan garinmu da ke aikin tuƙi suka zo aka yi addu'a, aka sha shayi, kowa ya koma bakin aikinsa. Zaman makokinki da na yi ke nan.

Ranar uku Yaya Auwalu ya sake kira, ina jin kukan Inna a gefensa. Ya ce sun yi shawara a kan rubuce-rubucenki. Ya ce labaran soyayya ne, duk idon da ya karanta ya raya wani abu a zuciya, alhakin yana bin ki har kabari, kuma wanda ke ƙaunarki da gaske shi ne zai sauke miki wannan kaya. Ya ce sun ƙona littattafan da kika rubuta da hannu, duka, sun kuma goge wayarki tas. Saura abin da ke wurina. Kada ki ga laifinsa, Saratu, tsoro yake ji miki. Haka ake yi yanzu, kin sani, in mutum ya rasu a yi ta yawo da saƙo ana roƙon a goge hotunansa da duk abin da ya bari don a rage masa nauyi. Ke ma kin taɓa goge na wata ƙawarki.

Ina tsaye a bayan ɗakin gadi na buɗe hirarmu, ta shekara huɗu, na danna goge duka.

Ga abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Daga baya na gaya wa Bilki ruɗewa ce, na manta da hotunan. Ƙarya na yi mata. Ina sane da su. Yatsana yana kan wurin na tuna, na ma gan su a jere a ƙasan hirar. Minti biyar ya ishe ni in sauke in karanta sannan in goge, ba wanda zai sani. Tsoro ne ya hana ni. In na buɗe na tarar kin aurar da Tasalla ga Ciroma kin bar mai ƙofa yana karkaɗe ƙura, to da wannan zan zauna har in mutu, ba ki nan balle ki warware mini. In kuma na tarar da akasin haka, to na ɓata kwana taranki na ƙarshe a banza, na bar ki kin tafi da kalmomin da na jefe ki da su. Ba wanda zan iya ɗauka a cikin biyun a ranar. Sai na laɓe a bayan maganar yayanki, na ce don Allah na yi. Allah kuwa ya san ba don shi ba ne.

Ranar arba'in Bilki ta kira ni. A cikin hira ta ce ranar da kike rubuta babin ƙarshe a tsakar gida kina ta murmushi ke kaɗai, har tuwo ya kama a tukunya. Ta tambaye ki, kika ce wannan na Baban Nana ne, shi zai fara gani, ko ita ba za ki gaya mata ba. Ita ce ta riƙa miƙa littattafan ana sa wa wuta, amma Inna na tsaye, ba ta iya buɗe ko shafi ɗaya ba. Ta tambaye ni ko ya ƙarshen yake. Na ce mata mota ta zo, zan kira ta.

Murmushin me kike yi, Saratu? Na wadda ta shirya wa miji albishir ne, ko na wadda ta samo hanyar rama abin da aka yi mata? Na san ki da duka biyun. Na juya maganar nan ta kowace fuska, a bas, a layin abinci, a cikin sallah ma Allah ya yafe mini, ban tsaya a ko'ina ba.

Daga baya na sami wani malami ɗan ƙasarmu da ke karatu mai zurfi a nan, na ba shi labari ba tare da na ce ni ne ba. Ya tambaya ko akwai batsa a ciki. Na ce ko hannu ba a riƙe ba, babi ashirin da uku ana jayayya a kan jakuna. Ya ce shi bai ga abin ƙonawa a nan ba. Ban ji sanyi ba ko kaɗan. Da ya ce mini mun yi daidai, da na sami abin jingina.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne littafin bai mutu ba. Babi ashirin da ukun da na buga suna nan suna yawo a wayoyin mutane, wasu sun goge, da yawa ba su goge ba. Amma nawa ne ke yawo, wanda na yi wa aski. Naki na gaskiya ya zama toka. Yau duk duniya ba inda mai tsaron ƙofar nan yake sai a cikin kaina. Masu karatunki sun samo lambata, suna yi mini ta'aziyya, suna roƙo in akwai ƙarshen in taimaka in sa musu, wai a sani ko Tasalla ta yarda da Ciroma. Ba su ma san akwai mutum na uku a labarin ba. Na gwada mayar da wuraren da na cire daga abin da na tuna. Na rubuta na ɗebo wa jakuna ruwa har sau shida. Duk sai ya fito da muryata, a bushe, kamar rahoton da nake rubuta wa shugaban masu gadi. Ke da kika rubuta shi har ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na ji.

Makon jiya na kai wayar wurin wani mai gyara a bayan layinmu a Najma, wanda aka ce yana dawo da abin da aka goge. Ya riƙe ta kwana biyu. Da na koma ya ce hirar ta tafi, khalas, wato shi ke nan, hotunan kuma tunda ban taɓa sauke su ba, ba su taɓa shiga wayar ba balle a nemo su. Abin da ya samo kawai inuwar nan ce da ake gani kafin a taɓa. Ya sa mini su a wuri ɗaya, goma sha ɗaya cif.

Suna gabana yanzu. Kowanne bai fi kan sarki girma ba. Ana gane farar takarda, ana gane layukan shuɗin biro, amma ba harafi ɗaya da ke fita. In na buɗa hoton da yatsu sai rubutun ya narke ya zama hayaƙi. Na kai shi kusa da ido, na nisanta, na duba a rana, na duba a inuwa. Na gane dai ba ki yi kuskure da yawa ba, don ban ga wurin da kika soke ba sai ɗaya a shafi na shida. Na gane shafin ƙarshe rabi kika cika, sannan kika bar fili, kika rubuta wani gajeren layi shi kaɗai a ƙasa. Bai fi kalma huɗu ko biyar ba. Ba na jin cikin labarin yake, don ba haka kike rufe littafi ba. Ina jin ni kika yi wa magana.

A gefen wannan shafin akwai wani abu ja-ja da na daɗe ina zaton tabo ne. Shekaranjiya na gane babban yatsanki ne, da lalle, kin danne takardar kada iska ta ɗaga ta. Shi kaɗai ne abin da na iya karantawa a cikin duk abin da kika aiko mini.

Me kika ce a layin nan, Saratu? Kalma biyar ce kawai. Na ba ki kwana tara na shiru, ke kin ba ni amsa a kan lokaci, ni ne ban karɓa ba. Ba ni da wanda zan tambaya, ba ni da inda zan je. Zan ci gaba da duba shi, na sani, gobe da jibi, kuma ba zai taɓa fitowa ba.

La'asar ta yi, ana kira a masallacin kasuwa. Zan je in roƙa miki gafara, ita kaɗai ce saƙon da aka ce yana isa. Ban ce ki yafe mini ba, don ban san ko kin riga kin yi a wannan layin ba, ni na goge.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki. Sai na zo.

Mijinki,
Lawal, Baban Nana